Irin Kindirmon Zebi-buvi

Surgut, 18 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga Mastura-hola, ƙanwar mahaifiyata kuma uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da ɗanku Yaya Anvar da amaryarsa Sayyora, da saniya ma, don na san in na tsallake ta za ku ce ban gaida kowa ba. Yaya gwiwar taku da shigowar sanyi? Mu nan lafiya lau. Maigidana Ilshat yana can wurin haƙar mai, sai ƙarshen mako nake ganinsa, ni kuma ina asibitin yara kamar kullum. Ƙanƙara ta riga ta rufe gari, rana kuma leƙowa kawai take yi ta koma.

Holajon, ina da albishir, kuma da a gabanku nake da sai na rufe fuska kafin in faɗa. Allah ya ba mu rabo. Likita ta ce watan Afrilu, in Allah ya kai mu.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun da abin ya samu ba na iya cin komai, kuma ba abin da raina ke so sai kindirmon kasuwarmu ta Bakin Tafki. Abin da suke sayarwa a kantin nan cikin kwalba ruwa ne mai tsami, ana tsiyaya shi kamar shayi. Ilshat ya zaga gari ya kawo mini kala uku, na ɗanɗana na fashe da kuka, bawan Allah ya tsaya riƙe da kwalabe bai san laifinsa ba.

Ina rufe ido sai in gan ni ƙarama a gindin bishiyoyin tut, waɗanda tsutsar siliki ke cin ganyensu, a layin masu kindirmo, zaune kan buhu kusa da ƙafar kakata Zebi-buvi. Ƙamshin gurasa yana tasowa daga tanderun Karim, tsofaffin rumfar shayi suna musu a kan kankana, mata sun jera bokitai an rufe da farin ƙyalle. Buvi takan yago gurasa mai zafi ta kwaso mini fatar man da ke saman bokiti, ta ce, "Haɗiye da sauri, kada masu saye su ga na aske musu kai." Ban taɓa cin abin da ya kai wannan ba, kuma na ci abinci a Masko.

Wata maƙwabciyata ta ce a garinsu ana shafa kindirmo a ƙyalle mai tsabta, a shanya ya bushe, a aika a ambulan, in ya isa a jiƙa shi a madara mai ɗumi ya tashi. Don Allah ku aiko mini da irin kindirmon Buvi haka. Ina so in riƙa haɗa nawa, kuma ranar da abin da zan haifa ya fara cin abinci, ya fara da na gidanmu.

Ku gaida duk layi, har da Toji-hola mai bokitan kusa da naku, in kuna shiri a makon nan.

'Yarku,
Barno


Margilan, 9 ga Nuwamba, 1987

'Yata Barnohon,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na shiga garke na faɗa wa saniya, don ita ce ba za ta kai labari kasuwa ba kafin lokacinsa. Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne. Da 'yar'uwata tana raye da yau unguwa ba ta yi barci ba. Mu lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, akwai kuma wani ɗan ciwo da ke sukata a haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, amma ba abin kulawa ba ne. Sayyora yarinyar kirki ce, kafin asuba ta share tsakar gida har titi, abin da ta gani sai ta wanke shi. Ina jin in na daɗe a zaune wuri ɗaya ni ma za ta wanke ni ta kife.

Kasuwa tana nan inda kika bar ta. Karim ya tsufa, ɗansa ne a bakin tanderu, gurasar ta ɗan rage faɗi amma har gobe ta fi ta kowace unguwa. An buɗe wani babban kanti mai gilashi a bakin titin mota, matasa suna shiga su sayi gwangwanaye, su fito su biyo ta wurinmu su sayi abin da za su ci. Rumman ya yi kyau bana. Usta Sobir masaƙi, wanda ya saya a hannun kakarki tun yana da baƙin gashi, har yanzu shi ne farkon zuwa, ya ɗanɗana a bakin cokali, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, sannan ya miƙo kwano.

Kin ce in gaida Toji. Na gaishe ta. Jiya wata baƙuwa ta tsaya tsakanin bokitina da nata tana waige-waige, sai Toji ta ce, "Zo nan, ƙanwata, na yau ne. Wancan tun zamanin sarakunan Ƙoƙand ake juya shi."

Na ce, "Gaskiya ta faɗa, 'yata. Nawa yana da asali. Ita kuwa tambaye ta sunan saniyarta, za ta nuna miki famfo."

Na tsayar da cokali a tsakiyar bokiti ya tsaya ƙyam. Matar ta sayi nawa. Toji ta ce wai da gari na ɗaure shi, na ce ta zo ta tankaɗe.

Yanzu maganar iri. Barno, kin yi karatu amma kin manta na gida. Iri ba ya shiga ambulan. Ba a sayar da shi, ba a aika shi, ba a ba da shi bayan rana ta faɗi. Mai so shi ke zuwa da ƙafarsa da kwanonsa, ya roƙa da bakinsa, a zuba masa hannu da hannu. Irin nan Buvi ta karɓe shi daga uwarta, ni na karɓa daga gare ta, kullum cokali ɗaya na jiya ke tayar da na yau, bai taɓa yankewa ba ko a shekarun yaƙi. Ba zan shanya shi a tsumma kamar wankin jariri, ma'aikatan gidan waya su buga masa hatimi ba. Bai taɓa shiga gidan da ba mu sani ba. Ki haihu lafiya, ki zo da rani, ki ci har ki ƙoshi.

Na sa miki busasshen inabi da ƙwallayen cukui a akwati, ki riƙa tsotsa.

Holarki,
Mastura


Surgut, 24 ga Janairu, 1988

Mastura-hola,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da mutanen gida. Ni lafiya, cikin yana motsi sosai, ƙafafuna ne kawai ke kumbura da yamma. Akwatin ya iso, na gode.

Na rubuto muku a farkon Disamba, na sake rubutowa da sabuwar shekara, shiru. Kullum na dawo daga aiki sai na leƙa akwatin wasiƙu. Shiru ma magana ce, kuma ina jin na gane ta.

Na karanta takardarku har ta fara yagewa a ninki. Kun ce irin bai taɓa shiga gidan da ba ku sani ba. Gidana ne wannan gidan, Hola. Na san ba a so aurena da Ilshat ba, na san an ce 'yar Margilan ta rasa miji sai Batatare, ɗan ƙabilar Tatar, ta bi shi ƙasar da ƙasa ba ta narkewa. Ku ne kuka tsaya mini a lokacin, shi ya sa ban taɓa zaton a zuciyarku na zama bare ba. Ashe kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ni ma jikar Zebi-buvi ce. A kan buhunta na girma, ni ke riƙe mata murfi in tana gwada ɗumin madara da ƙaramin yatsa. Duk wanda ya tambaye ni daga ina nake a asibitin nan, ba Margilan nake fara cewa ba, kasuwarmu nake ba shi labari, har ma'aikatan sun san sunan Karim da Usta Sobir. Ban roƙi gida ko gona ba. Cokali ɗaya na roƙa.

Ba zan sake tayar da maganar ba. Ku dai rubuto ko layi biyu ne in san kuna lafiya.

Barno


Margilan, 12 ga Fabrairu, 1988

Barno, 'yar 'yar'uwata,

Wa alaikumus salam. Ina raye, wannan shi ne labarin lafiyata a taƙaice. Takardunki uku na same su tare a kan taga, na fara da ta ƙarshe, da na sani na fara da ta farko.

Wace irin magana ce wannan ta bare? Ni na ɗinka miki barguna na aure da hannuna. Gidan da ban sani ba, gidan waya nake nufi da buhunansu da hannayen da ban san abin da suka taɓa ba. Ilshat ya ci a faifaina, ya gyara mini ƙofar garke, ɗana ne. Kada in sake jin wannan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa miki abin da na hana Anvar ya rubuto miki saboda halin da kike ciki. Ciwon haƙarƙarin nan ashe duwatsu ne a matsarmama. A farkon Disamba na faɗi a garke, aka kai ni asibitin Fargana aka yanka ni, wurin ya ƙi warkewa, na daɗe a kwance. Kafin a ɗauke ni, ina kan gadon ɗaukar marasa lafiya, na riƙe hannun Sayyora na ce, "Iri. Kada ki bari ya kwana uku ba ki sabunta ba." Yarinyar nan ta riƙe amana. Duk tsawon kwanciyata tana dafa madara tana juyawa, tana rabar wa maƙwabta, ba ta yi fashi ba.

Sai aka ce gobe za a sallame ni. Kin san yadda amarya take in uwar miji za ta dawo. Ta fitar da darduma ta kakkaɓe, ta shafe bango, ta wanke tagogi, ta bi tukwane ɗaya bayan ɗaya da toka da ruwan zafi. Ƙaramar tukunyar ƙasar nan ta Buvi da ke bayan ƙofa, wadda bakinta ya yi baƙi, ta ɗauka a cikin sauri ba ta duba ba. Akwai sauran a babban kwano, amma Anvar ya shanye shi da gurasa da safe, yana ganin akwai a tukunya. Na shigo gida ana riƙe da ni, komai yana ƙyalli, tukunyar Buvi a kife a rana, fes.

Ban yi mata faɗa ba. Ta durƙusa tana kuka har sai da na ce ta tashi ta ba ni shayi. Na aika gidajen da ta rabar wa, kowa ya cinye ya wanke kwano. Shi ke nan, Barno. Abin da yaƙi bai kashe ba, tsabta ta kashe shi.

Na gwada da na kwalbar kanti. Ya kama, amma ba shi ba ne, yana zare kamar yauƙi. Na sa Anvar ya kai wa Usta Sobir kaɗan a gida ba tare da an ce komai ba. Ya ɗanɗana, ya ajiye cokali, ya ce, "A gaida Masturahon, Allah ya ƙara sauƙi." Da ya zage ni da ya fi mini.

Tun lokacin ban taka kasuwa ba. Ana ce musu ina jinya. An gaya mini Toji ta baje bokitanta har kan wurina, wurin da uwata ta zauna, ko kunyar ido babu. Shugaban kasuwa ya aiko cewa in ban dawo kafin Nauruz, bikin shigowar bazara, ba zai ba wani wurin. Anvar ya ce in je in roƙi iri a layi, mene ne a ciki. Duk layin mutum biyu ne masu kindirmon da za a kira kindirmo, ni da Toji, sauran a wurinta suke karɓa in nasu ya lalace. In ɗauki kwano in tsaya a ƙofar matar da na shekara goma sha ina cewa famfo take tatsa? In zauna ina sayar da nata da sunan Zebi-buvi? Gara in sayar da saniya in zauna ina tsinkar ulu.

To kin ji. Ba hana ki nake yi yanzu ba, babu ne. Ki kula da kanki, ki rage gishiri saboda ƙafafun.

Holarki,
Mastura


Surgut, 27 ga Fabrairu, 1988

Holajon,

Assalamu alaikum. Ku yafe mini. Kuna kwance an yanka ku, ni ina nan ina ƙirga laifinku. Na karanta takardarku a ɗakin hutun ma'aikata, na yi kukan da sai da aka kawo mini ruwa. Yaya wurin ɗinkin? Kada ku ɗaga bokiti, kada ku ci maiƙo, wannan ma'aikaciyar jinya ce ke magana ba 'yarku ba. Ku ce wa Sayyora ina gaishe ta da kyau, ni ma na taɓa wanke takardar albashin Ilshat a aljihun wando.

Kada ku sayar da saniya. Akwai abin da na gani da idona, ku kuwa ba ku nan, lokacin kuna Mirzachul da Kawu mijinku wajen noman auduga. Ina aji uku ko huɗu. Wata safiya Hojar-hola, mahaifiyar Toji-hola, ta shigo gidanmu da kwano a ƙarƙashin gyalenta. Saniyarsu ta ci wani abu a bakin rafi ta yi ciwo, madarar ta ɓaci, irinsu ya mutu. Ta tsaya a tsakar gida tana kame-kame, Buvi ta ce, "Hojar, fito da kwanon, gyalenki ya yi ciki." Ni na ɗaga murfin tukunyar, Buvi ta zuba mata cokali uku, ta ce bismillah. Washegari a kasuwa na ji su suna zagin kindirmon juna kamar ba abin da ya faru, har na tambayi Buvi, ta ce in ci gurasata.

Kun gani ke nan. Abin da ke bokitin Toji-hola na Buvi ne. Bai mutu ba, yana can yana kwana a gidan maƙwabta. Ba roƙo za ku je yi ba, naku za ku karɓo.

Ba don ni nake faɗa ba, na haƙura da nawa. Amma in na zo da yaro na tarar da mai sayar da 'ya'yan kabewa zaune a gindin tut ɗinmu, ban san abin da zan nuna masa in ce nan ne gidanmu ba. Ku je, Hola. Ku sa rigarku ta alharini ku je.

'Yarku mai neman gafara,
Barno


Margilan, 23 ga Maris, 1988

'Yata Barnohon,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, ɗinki ya kame, ina cin abinci, ina faɗa da Anvar, kin ga lafiya ta samu. Bishiyoyi sun yi fure, an dafa sumalak, kunun tsiron alkama na Nauruz, a unguwa, na juya tukunyar da sunanki na roƙa miki sauƙin haihuwa.

Takardarki ta kwana biyu a ƙarƙashin matashina. A na uku na sa rigar alharini kamar yadda kika ce, na ɗauki kwanon Buvi mai shuɗin zane, ban ɓoye shi a gyale ba, na riƙe shi a gaba kowa na gani, na bi ta tsakiyar unguwa da hantsi. Na tarar da Toji ta dawo daga kasuwa tana wanke bokitai.

Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ce, "A'a, Masturahon. Biki ake yi ba a gaya mini ba?"

Na ce, "Na zo karɓar ajiyar uwata. Cokali uku da aka ba Hojar-hola shekarar da saniyarku ta yi ciwo."

Ta goge hannu a zaninta, ta ce, "Zauna tukuna, kada ɗinkinki ya ɓalle a gidana a ce ni ce." Ta shimfiɗa mini, ta karya gurasa, ta zuba shayi, sai da na sha sannan ta ce, "An yi haka. Uwarki ta ba uwata. To shekara biyu kafin nan fa, lokacin babban sanyin da ya kashe itatuwan rumman? Kina can kina tsinkar auduga. Saniyarku ta ƙafe, tukunyarku ta daskare ta fashe. Wa kike tsammani ya buga mana ƙofa da kwano? Wannan kwanon ma, na gane shi, ga tsagar nan a gefe."

Na ce ƙarya take yi. Ta ce in je in tambayi Karim, shi ya share wa Buvi hanya a cikin ƙanƙara. Ta ce a shekarun yaƙi kuma, da aka kwashe shanu, saniya ɗaya ta rage tana ba da madara a duk unguwar, ta wata gwauruwa a bayan masallaci, a gidanta aka riƙa raya iri, duk layin a can suka karɓo da aka samu sauƙi. Ni ina yarinya lokacin, ina layin karɓar burodi, ban san wannan ba.

Na ce, "To na waye ke nan?"

Ta ce, "Na wanda bai wanke tukunyarsa ba."

Barno, na so in tashi in tafi. Sai ta ce, "Tun ranar da amaryarki ta zo tana tambayar mutane ko da sauran kindirmo a kwanonsu na san abin da ya faru. Kullum ina ware miki a ƙaramin kasko, in ya kwana biyu in sabunta. Ba a kai wa mutum, kin sani, sai ya zo. Na ce wannan mai taurin kan sai ta kashe ni da jira." Na ce ai na ji yadda take jirana, da bokitanta a kan wurina. Ta ce, "Da na bar shi fili da tuni surukin shugaban kasuwa yana sayar da 'ya'yan kabewa a kai. Kin san wahalar cika bokiti shida da saniya ɗaya? Wannan karon kam na san hanyar famfo."

Na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Ta kawo kaskon, na miƙa kwano da hannu biyu, ta ce sai na faɗa da bakina. Na ce, "Toji-opa, yayata, ki ba ni iri." Ta zuba, ta yi bismillah, ta ce, "Ba komai ba ne. Tun da aka kafa layin nan ba a taɓa hana wanda ya roƙa ba."

Ran jajiberin Nauruz na koma wurina. Ba zan ɓoye miki ba, da na shigo ta ƙofar masu gurasa ƙamshin ya buge ni, idona ya cika. Karim ya sa ɗansa ya kawo mini ta farkon tanderu, mahauci ya ɗaga wuƙa yana gaisuwa, tsofaffin rumfar shayi suka ce kasuwa ta dawo. Usta Sobir ya zo, ya ɗanɗana, ya lumshe ido ya daɗe, sannan ya ce da ƙarfi yadda layi zai ji, "Yauwa. Wannan shi ne na Zebi-buvi. Wata uku ina shan ruwan Toji, har na rame."

Na dubi Toji, ta dube ni. Na ce, "Ai asali ba ya ɓuya, Usta." Toji ta ce, "Allah ya isa tsakanina da masaƙa." Na tsayar da cokali, ya tsaya. Duk duniya ban san wata kasuwa da ta kai tamu ba, kuma yanzu na fi faɗin haka da ƙarfi fiye da da.

Amma maganar nan ta Toji ta bi ni gida ta hana ni sakat. Ba a taɓa hana wanda ya roƙa ba. Uwata ba ta hana Hojar ba, Hojar ba ta hana uwata ba, gwauruwar bayan masallaci ba ta hana kowa ba cikin yunwa. Mutum ɗaya ce ta taɓa hanawa a layin nan, ni ce, kuma 'yar 'yar'uwata na hana, tana da ciki, a ƙasar mutane. Girman kai rawanin tsiya. Ba zan je gaban uwata da wannan ba.

A ambulan dai ba zai shiga ba, wannan ina kan bakana. Anvar ya sayo mini tikitin jirgin ƙasa na ranar biyu ga Afrilu, ya rubuta mini inda zan sauka in canza a takarda da manyan baƙaƙe, kamar wata jaka. Zan zuba shi a kwalba in naɗe da gyale, in ajiye a jikin taga inda sanyi yake, ba abin da zai same shi. Sayyora ce za ta zauna a wurina. Na koya mata gwajin yatsa, hannunta yana da kyau, Toji kuma ta ce za ta sa mata ido ta koya mata baki, don yarinyar ba ta iya zagi ba ko kaɗan. Ban taɓa wuce Tashkent ba, ina jin tsoro, kada ki gaya wa kowa.

Ki ce wa Ilshat ya nemo madarar saniya ta gaske, ba ta gari ba, ko ina take a ƙasar nan taku. Ke kuma ki zo tasha da ƙafarki, ko cikin ya kai miki haɓa, ki riƙo kwanonki, ki roƙa da bakinki. In jirgin ya iso da dare, ki taho da bargo, sai mu zauna a tashar har rana ta fito.

Holarki da ke tafe,
Mastura